Abdu Mumuni Joffo, malamin da ya sa rana aiki

 A yau filinmu na Hausa zai kawo muku tarihin wani ɗan ƙasa wanda sunansa ya fi aikinsa sanuwa. Duk wanda ya ƙetare gadar Kennedy a Yamai, ya nufi Harobanda, ya ga babbar jami'ar ƙasa mai ɗauke da sunan Abdu Mumuni. Ƴaƴanmu da ƙannenmu na Filinge, da Tasawa, da Tawa, da Damagaram sun yi karatu a cikinta, sunan yana bisa takardun shaidarsu. Amma in aka ce a faɗi abin da mai sunan ya yi a duniya, kaɗan ne za su wuce cewa malami ne na hasken rana. To, malami ne na hasken rana, gaskiya ne. Sai dai maganar ta fi haka tsawo.

An haifi Abdu Mumuni Joffo, wanda a takardun Faransanci ake rubutawa Abdou Moumouni Dioffo, ran 26 ga watan Yuni na shekarar 1929 a Tasawa, cikin jihar Maraɗi ta yanzu. Asalin gidansu Kirtashi ne, a bakin kogin Isa, gidan sarauta na Zabarmawa. Ya yi lakwal a Damagaram, sa'an nan a Yamai. A wancan zamani lakwal ba ta kowa ba ce, kuma ba kowa ke son ta ba; iyaye da yawa ɓoye ƴaƴansu suke yi in an zo ɗaukar yara. Har ranar da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Daga Yamai aka tura shi Senegal, makarantar William Ponty, wadda a lokacin take Sebikotan kusa da Dakar, makarantar da Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari suka riga shi zama a cikinta. Nasara sun kafa Ponty domin su sami mushe, da akawu, da mataimakin likita, ba domin su sami masani ba. Wanda ya fita daga cikinta, galibi nan karatunsa ke tsayawa. Abdu Mumuni bai tsaya ba. Ya wuce lise Van Vollenhoven ta Dakar, daga nan ya tafi Pari, babban birnin Faransa, ya kama ilmin fizik, wato ilmin da ke binciken haske, da zafi, da nauyi, da motsin abubuwa, daga ƙwayar rairayi har zuwa taurari.

A shekarar 1956 ya ci jarrabawar da ake kira agregasiyon. Wannan jarrabawa gasa ce, kujerunta ƙidayayyu ne kowace shekara, kuma da ƴaƴan Faransa mafiya ƙwazo ake zama. Shi ne baƙar fata na farko daga ƙasashen Afirka da Faransa ke mulki da ya ci ta a fannin fizik, yana da shekara 27.

Mai irin wannan takarda, in ya ga dama, sai ya zauna Faransa cikin rufin asiri har tsufansa. Shi kuwa tun yana ɗalibi ya shiga gwagwarmaya. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka a Faransa, FEANF, a 1950, kuma yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI a 1957, mai neman cikakken ƴanci a lokacin da manyan ƴan siyasa da yawa ke jin tsoron furta kalmar. Ran 28 ga Satumba 1958 aka yi ƙuri'ar janar De Gaulle. Nijar ta ce i, Gine ta Seku Ture ta ce a'a. Faransa ta yi fushi, ta kwashe ma'aikatanta da malamanta daga Gine cikin ɗan lokaci, makarantu suka zama ba masu koyarwa. Wasu masanan Afirka, irin su Jozef Ki-Zerbo na Hot Bolta, wadda yau ake kira Burkina Faso, suka bar ayyukansu suka tafi Konakiri domin su toshe wannan giɓi. Abdu Mumuni, wanda a lokacin yake koyarwa a Dakar, yana cikinsu.

Abin da ya gani a cikin azuzuwa shi ya tara a littafinsa mai suna L'éducation en Afrique, wato Ilmi a Afirka, wanda ya fito a Pari a 1964, aka fassara shi cikin Ingilishi a 1968. Wannan littafi ya shafe ku ƙwarai, ku da kuka yi yaƙi da jahilci. Ya fara da tarbiyya irin ta gida, yadda yaro ke koyon noma da kiwo da ƙira da saƙa a gefen manya, yana koyo yana aiki, jama'a duka suna malamansa. Bai ce wannan tarbiyya ba ta da aibu ba. Ya nuna iyakarta, musamman rashin rubutu. Sa'an nan ya juyo kan lakwal ta mulkin mallaka, ya nuna yadda take cire yaro daga cikin danginsa, ta koya masa raina harshen uwarsa da aikin hannu, ta mayar da shi ɗan aiken kumandan. Shawararsa ita ce a koyar da yara da manya cikin harsunan ƙasa, a haɗa makaranta da aikin da ke ciyar da jama'a, kuma a ba ilmin kimiyya babban matsayi. A lokacin mutane da yawa, har cikin ƴan boko na Afirka, suna ganin harshe irin Hausa ko Zabarmanci ba zai iya ɗaukar lissafi ba. Shekara biyu bayan fitowar littafin, a 1966, aka yi taron Bamako wanda ya daidaita rubutun Hausa da wasu harsuna. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram. A watan Maris na 2025 kuma babbar dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Ba shi kaɗai ya jawo waɗannan ba, amma yana cikin waɗanda suka fara sharar hanya tun tana da ƙaya.

A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet ya zurfafa bincike a kan ƙarfin rana. Daga 1964 zuwa 1969 yana Bamako, yana koyarwa, kuma ya kafa wa Mali ɗakin binciken makamashin rana. A tsakanin nan, a 1967, ya sami babban digirin dokta a Pari. Binciken nasa a kan madubi ne mai zurfi kamar ƙwarya, wanda ke tattara hasken da ya faɗo a kansa ya tara shi wuri ɗaya ɗan ƙanƙane, har zafin wurin ya kai ya narkar da ƙarfe. A 1969 ya dawo gida ya karɓi shugabancin ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, ya riƙe shi har 1985.

Dalilin wannan zaɓi ba ɓoyayye ba ne ga mutumin Kurfai. Wanda ya san Filinge a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kowace rana, ya san abin da muke da shi fiye da buƙata. Ya kuma san abin da ba mu da shi: itacen wuta da mata ke ƙara nisa wajen nema kowace shekara, da ƙarfin da zai ɗago ruwa daga rijiya. A cikin Dallol Boso ruwa na kusa, amma bisa fakara sai an sa doguwar igiya da sa ko raƙumi kafin guga ya fito, garke kuma na tsaye yana jira. Rana tana nesa da mu da kilomita miliyan 150, haskenta na yin minti 8 da ƴan daƙiƙu kafin ya iso, amma duk da haka da tsakar rana kowane fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi yana samun kimanin wat 1,000. Abdu Mumuni ya ɗauki wannan a matsayin dukiyar ƙasa, kamar yadda wasu suka ɗauki uraniyom na Arlit. A ONERSOL an ƙera na'urorin ɗumama ruwa, da murhun rana, da na tace ruwa, da na busar da abinci, an kuma ƙirƙiro wani inji mai tafiya da zafin rana wanda aka sa wa sunan ofishin.

Akwai abu ɗaya a cikin waɗannan na'urori da ya kamata mu ɗan tsaya a kansa, domin shi ne zuciyar ilmin mutumin: farantin da ke shan rana baƙi ake shafa masa. Kowa ya san baƙar riga ta fi farar riga zafi. Abin da masana suka ƙara gano shi ne cewa abin da ya fi kowane shan haske shi ne kuma ya fi kowane fitar da shi in ya yi zafi. Dubi ƙarfe a maƙera. Da fari baƙi ne, in ka kai hannu kusa za ka ji zafinsa ba ka ga kome ba. Zuga-zugi na aiki sai ya yi ja, sa'an nan ya yi ruwan ɗorawa, daga baya ya yi fari. Launin yana gaya wa maƙeri yawan zafin. Da wannan hanya aka san fuskar rana tana da zafin kimanin digiri 5,500, ba tare da kowa ya je can ba. Wasu masana biyu na Ostiriya, Stefan a 1879 da Boltzmann a 1884, suka fitar da ƙa'idar: in aka fara ƙidayar zafi daga ƙarshen sanyi, wato digiri 273 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, to abin da zafinsa ya ninka sau 2, hasken da yake fitarwa zai ninka sau 16. Wannan ƙa'ida ita ce abokiyar gabar mai aikin rana, domin farantinsa yana ƙara zafi yana ƙara ɓarar da abin da ya sha. Shi ya sa ake rufe shi da gilashi, shi ya sa kuma Abdu Mumuni ya ba da shekaru ga madubin nan mai tara haske: in wurin da ke da zafi ƙarami ne, ƙofar ɓarnar ma ƙarama ce.

To, wannan ƙa'ida ta baƙin faranti ba a Yamai ta tsaya ba. A 1974, shekarar da fari ya gama cinye garkunan Sahel kuma soja suka karɓi mulki a ƙarƙashin Saini Kunce, wani masani ɗan Ingila, Stephen Hawking, ya same ta a wurin da ba wanda ya zata, wato a bakin abin da ake kira baƙin rami.

Baƙin rami ba rami ne irin na gini ba. Wuri ne a sararin samaniya inda abu mai nauyi ƙwarai ya dunƙule ya matse, har ƙarfin janyowarsa ya kai ko haske in ya shiga ba ya fita. Wani Bajamushe, Karl Schwarzschild, shi ya fara fitar da lissafinsa a 1916 daga ka'idar Einstein, yana soja a yaƙin duniya na farko. Bisa wannan lissafi, da za a matse rana har ta zama dunƙule mai faɗin kilomita 6, da ta zama baƙin rami. Duniyarmu kuwa sai an matse ta ta koma kamar ɗan magarya. A 2019 aka nuna hoton farko na inuwar irin wannan rami. Shekaru da yawa masana na ɗauka cewa shi dai haɗiya kawai ya sani. Hawking ya nuna da lissafi cewa tun da ya fi kome shan haske, to shi ma yana da zafi, kuma yana fitar da haske daidai da ƙa'idar baƙin abu, yana ragewa kaɗan-kaɗan kamar tabki bayan damina, har ya ƙafe.

Abin mamaki shi ne ya saɓa wa garwashi. Garwashi yana ƙanƙancewa yana hucewa, baƙin rami kuwa yana ƙanƙancewa yana ƙara zafi. Mai nauyin rana sanyi gare shi ƙwarai, kusan a ƙarshen sanyi yake, kuma kafin ya ƙafe sai an yi shekaru da yawansu ya kai 1 da sifiri 67 a bayansa, alhali kuwa duk shekarun sararin samaniya, bisa lissafin masana, biliyan 13.8 ne. Mai nauyin dutse babba, na ɗaruruwan miliyoyin ton, ya fi ƙwayar zarra ƙanƙanta nesa ba kusa ba, zafinsa kuma ya ninka na cikin rana dubban sau. Ƙarshensa fashewa ce. Har yanzu ba a ga wannan haske na Hawking da na'ura ba. Ƙarfin lissafinsa ne ya sa masana suka yarda da shi.

Bayan rasuwar Abdu Mumuni maganar ta ƙara nisa. Mun san shiyyoyi uku da abu ke iya motsawa: gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. Tun 1921 Theodor Kaluza, sa'an nan Oskar Klein a 1926, suka kawo shawarar cewa wataƙila akwai wata shiyya a naɗe, ƙanƙanuwa, wadda ido ba ya gani. Misalinta igiyar guga ce: daga nesa tsawo kawai gare ta, amma tururuwar da ke bisa kanta tana iya zagaya ta. A 1998 wasu masana uku, Arkani-Hamed da Dimopoulos da Dvali, suka ce in irin waɗannan ɓoyayyun shiyyoyi suna da ɗan girma, to za su bayyana dalilin da ya sa ƙarfin janyowa yake da rauni, har ɗan maganaɗisu ke ɗaga allura duk da duniya gaba ɗaya tana jan ta ƙasa: ƙarfin yana yoyo ne zuwa cikin waɗancan shiyyoyi. In haka ne, a tazara ƙanƙanuwa ƙwarai ƙarfin zai yi tsanani, kuma ƙera ɗan ƙaramin baƙin rami zai yi sauƙi fiye da yadda aka zata. A 2001 wasu suka lissafa cewa babbar na'urar cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, a kan iyakar Suwis da Faransa, wadda zagayenta ya kai kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, tana iya haifar da irinsu in ta gwara ƙwayoyin zarra da juna. Irin wannan rami ba zai haɗiye kome ba, domin tsananin zafinsa zai sa ya ƙafe nan take, cikin lokacin da ƙiftawar ido ta fi shi tsawo sau biliyoyin biliyoyi, ya watsa ƙwayoyi ta kowane gefe, kuma yawancinsu cikin shiyyoyinmu uku za su fito, inda na'ura za ta kama su. Daga yadda suka watsu za a iya ƙirga ɓoyayyun shiyyoyin. Tun 2010 ake dubawa, ba a ga ko ɗaya ba, kuma wannan rashin gani ya rufe ƙofa ga lissafe-lissafe da yawa.

Aikin Abdu Mumuni a kan rana ya tsaya, ba a kan baƙin rami ba. Mun kawo wannan ne domin a ga tsawon igiyar da ya riƙe bakinta. Akwai masu cewa ƙasa matalauciya ba ruwanta da zurfin ilmi, ta sayi na'ura kawai ta koyi kunnawa da kashewa. Rayuwarsa duka musu ce ga wannan magana. Bai ƙera tukunyar ɗumama ruwa ba sai da ya san lissafin haske har gindinsa, irin lissafin da ake auna taurari da shi, kuma ya nace cewa ɗan Nijar ya cancanci ya san shi.

Ba duk abin da ya shuka ya tsiro ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Na'urorin ɗumama ruwa sun shiga gidajen manyan ma'aikata da wasu ma'aikatu na birni, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Murhun rana kuwa yana da matsalar da ba ta lissafi ba ce: yana so a yi girki da tsakar rana a fili, ana juya shi yana bin rana, alhali tuwo da maraice ake tuƙa shi, kuma tuƙin tuwon gero yana son tukunya mai zaune daram bisa duwatsun murhu. A ganinmu nan ne masana suka yi wa matan karkara nisa. Injin da ke tafiya da zafi shi ma wata fasaha ta sha gabansa, wato allon da ke mayar da haske wutar lantarki kai tsaye, ba tururi ba motsi, wanda kuɗinsa ya faɗi da kimanin kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Irin wannan allo ne ake gani yau bisa rufin shaguna da ɗakunan shan magani, da bakin rijiyoyin burtsatse, daga Balleyara har Abala.

Jami'ar Yamai, wadda aka fara a 1971 ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, ya shugabance ta daga 1979 zuwa 1982, bai kuma daina shiga aji yana koyar da fizik ba. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 7 ga Afrilu 1991, yana da shekara 61, ƴan watanni kafin a buɗe babban taron ƙasa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa, a 1998 kuma aka sake buga littafinsa a Pari.

Tashar farko babba ta wutar rana a Nijar an buɗe ta a Malbaza a 2018, da ƙarfin megawat 7, shekara 27 bayan rasuwarsa. A watan Agusta na 2023 aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasa, ba a mayar da ita ba sai a watan Maris na 2024. A cikin wannan duhu ne tashar Goru Banda, mai megawat 30, ta fara ba Yamai wuta daga rana, a gefen kogin da jami'ar Abdu Mumuni take. Kamfanonin waje ne suka gina ta, allunanta kuma daga ƙetare aka kawo su.